Tulun Iri Na Uku

Har yau in anka kawo mini hatsi a ƙwarya, hannu nike soma tsomawa kafin in duba da ido. In ƙwayar ta zame tsakanin yatsu da sanyinta, lafiya take. In na ji gari-gari a ƙasan ƙwaryar, to ƙwaro ya riga mu. Ban zamna gaban allo ba sai gwargwadon abin da zan yi salla, boko kuwa ko ƙofarta ban sani ba. Amma shekara da shekaru a Wurno, in za a yaɓe rumbu ko za a ɗebi iri, ni ake aikowa a kira, har gidajen malamai da na masu sarauta. Wanga sani ba daga gidan ubana na zo da shi ba. Uwar mijina ce ta ɗora mini shi. Ban roƙa ba. Da na san abin da ke cikinsa, ban san ko da na miƙa hannu ba.

Gidan da anka kai ni aure babban gida ne na gandu, a gangaren da ke kallon fadama, ba nisa da hubbare, makwancin bawan Allah da ake zuwa ziyara. Uban mijina ya rasu tun kafin in zo. Wan mijina ke riƙe da gida, shi muke kira Yaya, daga ƙannensa har matansu. Da damana maza su yi gero da dawa da wake a tudu, rani ya yi su gangara fadama su yi albasa. Abin da anka san gidan da shi kuwa saukar baƙi. Duk wanda ya zo ziyara hubbare ba shi da masauki, zaurenmu ake nuna masa. Tun kakanni haka yake. Yaya yakan faɗa yana shafa gemu cewa ba a taɓa yin baƙon da ya tashi daga zauren nan da yunwa ba. Gaskiya yake faɗi. Ni na daka hatsin, na sani.

Maza ke noma, amma da zarar dami ya shiga rumbu ya fita hannunsu, ya koma hannun Inna, uwar mijina. 'Yar gajeruwar tsohuwa ce, ido ɗaya ya yi yana, ga baki. Ita ke cewa wane rumbu za a buɗe, wanne za a bari. Tsohon hatsi ake ci, sabo ya jira. Ba ta yarda an jera rumbuna wuri ɗaya ba, biyu a cikin gida, biyu can bayan gari, don ko wuta ta tashi kada ta lashe duka. Kowace Juma'a da hantsi sai ta zagaya su da sandarta, tana ƙwanƙwasa gindinsu tana saurare, tana duba ko gara ta yi hanya. In wani cikin 'ya'yanta ya ce ta huta, sai ta ce:

"Ku noma kunka iya, ci kunka iya. Abin da ke tsakani ba ku san komi ba. Ku ba ni wuri."

Babban aikinta dai iri. Kafin a soma girbi sai ta shiga gona da kanta, ta ratsa ta daga wannan kai zuwa wancan, tana zaɓar zangarniya masu tsawo da cika tana jefawa a zane. Ba a haɗa su da sauran. A shanya su har su bushe ƙayau, a sussuke, a sheƙe. Sannan a kawo toka mai laushi da garin ɓawon maɗaci a cuɗe da ƙwayar har ta koma fari-fari, ta shiga da ita ɗakinta ta ɗura a tulu, ta toshe baki da tsumma, ta yaɓe da laka.

Dakan ɓawon maɗaci ni anka bar wa, tunda ni ce amaryar gida. Garin ya shige maka hanci da maƙogwaro, ka yi kwana uku ko ruwa ka sha ɗaci kake ji. Ran nan na gaji na ce:

"Inna, toka kaɗai ba ta isa ba? Gidanmu toka muke sawa, ƙwari ba su taɓa ci ba."

Ta ce, "Toka ta ƙwari ta."

"To maɗacin hwa?"

"Daka dai, ɗiyata. Taɓarya anka ba ki, ba alƙalanci ba."

Tulu biyu kowa ya sani. Ɗaya yana ƙuryar ɗakin Inna, daga shi ake shuka kowace shekara. Ɗaya a ɗora wa jaki a kai Rabah, gidan wani ɗan'uwan su Yaya, don gulbinsu daban da namu, in ambaliya ta ci mu ba lalle ta ci su ba, haka nan gobara. Ni dai na lura garin da nike dakawa ya fi ƙarfin tulu biyu.

Kowace kaka, in an gama kwaso amfanin gona, Inna takan tafi gai da ƙanwarta a Kagara, can wajen Goronyo. A da da wata tsohuwar maƙwabciya suke zuwa. Shekarar da tsohuwar ta rasu sai Inna ta ce in shirya, ni zan ja mata jaki. Munka fita da asuba, gefe ɗaya na mangala albasa, ɗaya gefen an lulluɓe da tsummoki. Sai da rana ta yi ja munka isa, ƙafafuna duk bororo.

Ƙanwar tata, wadda nike kira Innar Kagara, mijinta ya rasu, tana da ɗakinta a gidan ɗanta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wagga kiz zaɓo? Ga ta awa kara. Iska na iya tahiya da ita."

Inna ta ce, "Bar ta hakanan. Ta iya cewa a'a tana kallon ƙasa. Sauran matan gidan, in za su ce a'a sai sun ɗaga kai, in sun sunkuya sai su ce to."

Da safe, da mutanen gida sunka watse, sai sunka sa ni na janye duwatsun murhun da ke cikin ɗakin, na share toka, na tona. Sai da na wuce tsawon hannu sannan na taɓa bakin tulu. Zafin wuta ba ya kai masa, gara ba ta zuwa, kuma ba mai tunanin tona ƙarƙashin murhu. Munka fitar da na bara, wannan rabon Innar Kagara ne, ta shuka ko ta kyautar. Munka sa sabo, munka mayar da ƙasa da duwatsu, ta hura wuta a kai ta ɗora tukunya.

Inna ta kama wuyan hannuna ta ce:

"Na Wurno kowa ya san shi, shi za a hwara taɓawa. Na Rabah maza sun san shi, shi ma ba ya daɗewa. Wanga mu ukku na. Ko mijinki kada ya sani. Ba a tona shi don ciki, ko cikin wa. Kuma ba a tona shi don ruwan hwarko. Sai kin tona ƙasa kin ji laima ta kai miki gwiwar hannu."

Na ce to. Yarinya ce ni, na ɗauka tsoron tsofaffi ne kawai.

Inna ta rasu cikin shekarar wadata, rumbuna huɗu cike. Yaya ya bar mini aikinta, ba don ya ga na isa ba, sai don babu mai son dakan maɗaci. Na ci gaba da zuwa Kagara kowace kaka da sunan zumunci, har ana yabona da riƙon dangin miji.

Sai fara ta zo. Zamanin Nasara ne. Shekarar farko ta tarar gero ya shiga rumbu, dawa da wake kaɗai ta ci, munka ce an tsira. Ashe ta bar ƙwai a ƙasa. Shekara ta biyu 'ya'yan sunka fito gero yana tasowa. Anka yi shela maza su fita su haƙa ramuka, a kora su a binne. Wani bature ya zo bisa doki ya tsaya ya duba, ya rubuta a takarda, ya wuce. Daga baya anka kawo dusa mai guba anka warwatsa a daji, anka sake shela kada kowa ya ci fara. Da ma in ta ci mana gona mukan ci ta mu rage asara. Bana har wannan babu. Ɗan abin da munka tsinta a gona na zaɓi iri a ciki, da ƙyar ya cika tulun ɗakin Inna. Ban kai sabo Rabah ko Kagara ba, irin bara na nan a wurinsu.

Tun kafin sanyi ya wuce baƙi sunka soma yawa a zaure. A da mai ziyara ya kwana ɗaya ko biyu ya koma. Waɗanga kuwa su zo da mata da yara da ƙwarya, su je hubbare da safe su yi addu'a, su dawo su zamna. Gobe ma haka. Ni ke shiga rumbu, ni ke ganin inda hatsi ya tsaya.

Ba na zama gaban Yaya, ba na kallon fuskarsa, haka ake yi da wan miji. Na je na durƙusa bayan ƙofar zaure na yi sallama.

"Yaya, rumbunan bayan gari sun kai ƙasa, saura na cikin gida. Da an mai da na baƙi kunu sau ɗaya ga yini, mu ma hakanan, za mu ga damana."

"Amarya, baƙin hubbare na. Ubana bai auna musu ba, kakana bai auna ba. Ga bakina za a hwara ji?"

"Yaya, waɗanga ba ziyara sunka zo ba."

"Na sani. Kina cewa ban sani ba? Mutum yaz zo yac ce ziyara don kada a ce ya yi roƙo. In na auna mai, na gaya mai na gane. Tashi ki tahi."

Ba mugun mutum ba ne, a rubuta wannan. Tuwonsa ma zaure yake fitar da shi. Ya soma azumin Litinin da Alhamis, daga baya ya zama kusan kullum, har rigarsa ta koma kamar an rataye ta a itace. Amma akushin baƙi bai yarda an rage shi ba ko sau ɗaya, sai ranar da na share gindin rumbu na ƙarshe da tsintsiya. Lokacin bazara ba ta ma yi nisa ba.

Daga nan sai abin da daji ya bayar. Mu gangara fadama mu tono bado cikin taɓo. Mu jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, kwana da kwanaki muna zubar da ruwan kafin ta ciwu. Busasshiyar tafasa, garin goriba, har gidan tururuwa munka tona don 'yan ƙwayoyin da ta ɓoye. Jaki ya tafi, awaki sun tafi. Albasar rani ba ta cika ciki, sai dai ta sa maka ƙwarnafi.

Wata rana da hantsi Yaya ya aiko a fito da tulun ɗakin Inna. Na je bayan ƙofa na ce a'a, ina kallon ƙasa, yadda na iya. Ya ce akwai na Rabah. Na ce a'a. Ya shigo da kansa ya fasa yaɓen. Mata sunka wanke hatsin, sunka sake wankewa, sunka sake, anka dama kunu. Ɗacin bai fita ba. Manya sunka sha suna yamutsa fuska, yara sunka amayar. A ranar na soma gane amsar da Inna ta ƙi ba ni. Toka ta ƙwari ce, maɗaci namu ne. Bai hana a ci ba, amma ya sa an ci a hankali, har rabin tulun ya rage.

Ina da ɗiya ɗaya a lokacin, ta fari, ba ta wuce shekara biyar ba. Kun san yadda ake yi da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban mutane, ba ka nuna ka san da shi. A ɗakin Inna ta tashi, da Inna ta rasu ta koma wurin matar Yaya. Gashinta ya soma ja, ƙafafunta sunka kumbura. Nakan bar rabona na bado a ƙwarya inda na san za ta bi. In ta zo ta jingina da ni ina aiki, sai in ce ta matsa, don idon mutane.

Kuma na san akwai tulu cike a Kagara, tafiyar yini ɗaya.

Na juya abin nan a raina har na rasa gefen da ban taɓa ba. In na kawo shi gida, ba zai riƙe mutanen gidan kwana uku ba. In na ɗebo kaɗan don ita kaɗai, a gidan da anka yi wata ba a ji ƙanshin gero ba, wa zai ɓoye kunu? Za a tambaya ina na samo, Yaya zai aika a ɗauko sauran, kuma ba zai iya shan shi da iyalinsa ga mai yunwa a ƙofa ba. Al'adar ɗan fari ita ta rufa mini asiri. Ba wanda ya yi mamakin shiruna, tunda haka ake so uwa ta yi.

Ruwan farko ya sauka, ɗan yayyafi mai ƙanshin ƙasa. Na tona, laima ba ta wuce yatsu ba. Na aika mijina ya gaya wa Yaya a dakata. Wa zai dakata? Duk gari ya fita da sungumi. Sunka kwashe rabin tulun nan sunka shuka shi duka. Ya tsiro kore shar, mutane na murna. Sai sama ta ɗauke. Munka yi kallo yana lanƙwashewa, yana ja, har iska ta share shi.

Yaya ya tashi mijina zuwa Rabah. Ya tafi a ƙasa, da igiya da tsumman gammo. Bayan kwana biyu ya dawo da igiyarsa a kafaɗa. Ya ce ɗan'uwan nasu ya fashe da kuka tun kafin a gama gaisawa, sun cinye shi tun cikin sanyi. Ba wanda ya zage shi. Mu ma mun ci namu.

Zaure ya zama wayam, baƙi sun yi gaba tunda babu abin ba su. Maza sunka soma maganar a kulle gida a yi kudu. Yaya ya zamna bisa buzu yana jan tazbaha. A ranar ya kamata mai tausayi ya yi magana. Ban yi ba. Ƙasa a bushe take ƙamas. In na faɗa, ko a dama shi, ko a binne shi a busasshiyar ƙasa ana fatan ruwa, tururuwa da tsuntsaye su tone. Kowace safiya in fita bayan gida in duba gabas, in duba gawon da ke bakin hanya ko ya soma zubar da ganye, don Inna ta ce shi ba ya ruɗuwa da ruwan ƙarya. In dawo in wuce yarinyar tana kwance a inuwar rumbu.

Cikin wanga jira ta rasu, da hantsi, a cinyar matar Yaya. Ina bakin murhu ina tace anza. Ban yi kuka ba, ba a yi. Mata sunka yi ta yabona da haƙuri.

Kwana uku bayan nan hadari ya taso daga gabas da azahar, anka yi ruwa har la'asar, washegari anka ƙara. Na fita bayan gida na durƙusa na tona da hannu. Laima ta wuce wuyan hannu, ta kai gwiwa. Na zamna nan cikin taɓo na ɗan jima. Sannan na tashi na nufi bayan ƙofar zaure.

"Yaya, akwai iri."

Ya ce, "Wane iri?"

"Na Inna. Na ukku. Yana Kagara."

Na ji ya miƙe. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafafunsa kaɗai nike gani.

"Ranar da ƙanena yad dawo Rabah hannu wohi, kin sani?"

"Na sani."

"Ranar da munka kai yarinyar ga makwancinta?"

"Na sani, Yaya."

"La'ilaha illallahu. Mi yah hana ki magana?"

"Da an ci shi."

"Wa za ya ci?"

Na ci gaba da kallon ƙafafunsa. Bai sake tambaya ba.

Da asuba munka kama hanya ni da mijina. Tafiyar da nike yi yini ɗaya sai da ta ci mana yini da rabi, muna tafe muna zama. Yana gaba ina baya. A Kagara munka tarar ɗan Innar ya yi kudu da matarsa neman abinci, sun bar mata yara. Yara biyu na gani a tsakar gida, zuwana na ƙarshe uku ne. Ban tambaya ba. Ita kuwa ta rame har sai da na ji muryarta na tabbata ita ce.

"Kun daɗe," ta ce. "Kullum bisa kainai nike dahwa bado. Jikokina na kuka, ni ina hura wuta bisa hatsi. Tona ki ɗauke shi, ɗiyata, na gaji da shi."

Ta tambayi lafiyar ɗiyata. Mijina ne ya amsa. Ta dube ni, ta miƙo mini fartanya.

Tulun na nan yadda munka bar shi. Na fasa yaɓen na tsoma hannu, ƙwayar ta zame tsakanin yatsuna da sanyinta. Na ɗebar wa Innar Kagara abin da zai shuka mata gonarta, sauran munka raba ƙunshi biyu munka ɗora a ka. A hanya wasu mutane sunka tare mu suna tambayar mi munka ɗauko. Na kwance bakin ƙunshi kaɗan na ce toka ce. Ɗayansu ya dangwala ya lasa, ya tofar, ya zage mu, sunka ba mu hanya.

Sai da munka hango Wurno mijina ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun Inna na da rai."

Ya gyara kayansa ya yi gaba. Mun zamna tare shekaru masu yawa bayan nan, mun sami wasu 'ya'ya, bai sake ɗauko maganar ba har ya koma ga Allah. Ban san ko ya yafe ba. Ban tambaya ba.

Ranar shuka duk wanda ke iya tsayuwa ya fita, maza da sungumi, mata a baya. Na tsaya bakin gona ni ke rabawa, na nuna musu da yatsu uku, kada a wuce haka a rami. Wannan karon ba wanda ya yi mini gardama. A nan na ga sauran aikin maɗaci. Mai shuka da yunwa, hannunsa da kansa yake kai ƙwaya baki, bai sani ba. Na ga ƙanen mijina ya yi, ya tofar, bai sake ba. Na ga matar Yaya ta yi. Ni ma na yi. Da zallan gero ne, rabinsa a baki zai ƙare kafin mu kai ƙarshen gona. Maƙwabta sunka zo da 'yan ƙorai, na ba kowa cikin tafin hannu. Na kuma ɓoye kaɗan a ɗaki ko za a buƙaci cike gurbi. Yaya ya gani, ya kau da kai.

Ruwa ya zamna. Fara ba ta dawo ba, wannan ba dabarar kowa ba ce, Allah ne ya tsare. Munka rayu da ɗanyen tafasa da rama da yaɗiya har gero ya fitar da kai, munka soma gasa tumu. Ba a kulle gidan ba. Yana nan har yau, waɗanda ke ciki jikoki ne da tattaɓa-kunne, yawancinsu ba su san da wanga labari ba.

Da kaka ta yi zaure ya sake cika da masu ziyara. Ina jin Yaya yana gaya musu albarkar baƙi ce ta tsare gidan. Wataƙila haka ne, ban yi musu ba. Mutanen gari kuma sunka ce ni ce, daga nan anka soma aikowa a kira ni. Na karɓi yabon, don na san nawa ne, ba wanda ya taya ni ɗauka. Na yi shekaru ina kai tulu na uku ina binnewa, ba a sake buƙatarsa ba ko sau ɗaya, kullum in tono shi cike in sa wani. In an tambaye ni ko daidai na yi, nakan ce gida na nan. Fiye da haka na gaji da juyawa.

Ana saura kwana kaɗan a soma girbin shekarar nan, ina tsakar gida ina tankaɗe toka, sai na ji takunsa ya tsaya a ƙofar da ta raba zaure da cikin gida. Bai shigo ba.

"Amarya."

"Na'am, Yaya."

"In za a ɗebi iri, a yi ukku."

"To."

Bai tafi ba. Ina jin tazbaharsa tana motsi.

"Kak ki hwaɗa man inda za shi."

Na ce to. Na rufe tokar da faifai, na ɗauki gatari na gangara bakin fadama inda maɗaci yake, na ɓantaro ɓawo na cika zane. Da ya bushe ni na daka shi, kamar kullum. Na yi kwana uku ko ruwa na sha ɗaci nike ji.